Layin da Don Evaristo Ya Soke

Duk watan Maris nakan ɗauki fayil ɗinsa in tafi gidan abincin Don Evaristo Longoria da kaina. Sauran mutanen da nake hulɗa da su ta waya muke gamawa, wasu ma ban san fuskarsu ba. Shi kuwa ya ce ba zai sa hannu a takardar da ba a karanta masa ita a kan teburinsa ba. Sunana Nereida Cantú, dillaliyar inshora ce ni a wani ƙaramin gari a kudancin Texas, kuma Don Evaristo na gaje shi ne daga mahaifina, tare da ofis da kujerun da ke ciki.

Mutumin Linares ne, can ƙetaren iyaka. Yana ɗan shekara goma sha tara ya tsallako, ya yi shekaru yana cirar albasa da kankana a gonakin mutane, daga baya ya samu aikin wankin tukwane a wani otal. A coci ya ga Herminia, ya yi wata takwas yana zama a bencin da ke bayanta kafin ya iya ce mata ina kwana. A 1984 suka sayi wani tsohon shagon faci a bakin babban titi, suka kankare baƙin man da ke ƙasa, suka jera tebur goma sha biyu. A bayan kicin ya gina murhun bulo da hannunsa, inda yake gasa ɗan akuya a kan garwashi yadda ake yi a garinsu. Herminia ke karɓar kuɗi. Ranar Lahadi in an taso daga coci, sai ka yi layi kafin ka samu farfesun tumbi.

A shekara ta biyu suka ɗauki Graciela Ybarra, wadda kowa ke kira Chela, don ta riƙa yin tortiya, gurasarmu ta masara. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa da kaifin baki. Tun ranar da ta fara aiki take faɗa da Don Evaristo a kan gishiri, kuma ba su taɓa daidaitawa ba.

Mahaifina ne ya tsara masa inshorarsa. Da yake Don Evaristo ba ya son dogon Turanci, sai Baba ya rubuta masa ita a kan kati da manyan baƙaƙe, layi biyar. Na farko gini da kayan ciki, in gobara ta tashi, kuma wannan ya fi tsada saboda murhun itacen nan. Na biyu baƙo, in ya zame ya faɗi ko abinci ya ɓata masa ciki. Sai giya, don in mutum ya sha a wurinka ya fita ya banke wani a titi, har kai za a nema. Sai motar da yake kai abinci wurin bukukuwa. Na ƙarshe ma'aikata, in wani ya ji rauni a bakin aiki. Katin yana manne a jikin bango kusa da hoton Herminia da yara.

In na shiga, tun kafin in zauna zai ɗaga murya ya ce wa kicin, "Chela, ɓoye akwatin kuɗi, ga 'yar Cantú nan ta zo."

"Me ke cikin akwatin da za a ɓoye?" in ji Chela daga ciki. "Sannu da zuwa, 'yata. Kin ci abinci? Kar ki ci nasa, yau ma ya zabga gishiri."

Sai a kawo min faranti, in ci, sannan in karanta masa kuɗin bana. Kullum sai ya dafe ƙirji.

"Ubanki ya fi ki tausayi."

"Don Evaristo, ba ni ke yanka farashin ba."

"Shekara nawa ina biya? Ko labule bai taɓa ƙonewa a gidan nan ba. Wannan kamfani naku yana cin akuyata fiye da duk mutanen gari."

Sai ya sa hannu, ya raka ni har mota da ƙunshin nama.

Herminia ta rasu a 2011, bayan jinyar wata biyar. A lokacin yaran sun riga sun watse. Ramiro yana aikin rijiyoyin mai a can yamma, sai Kirsimeti ake ganinsa, wani lokacin ma ba a gani. Araceli ma'aikaciyar jinya ce a Houston, tana da miji da 'ya'ya biyu. Suka zo jana'iza, suka yi mako guda, suka koma. Bayan shekara biyu aka buɗe sabon titi da ya zagaye gari ta baya. Direbobin manyan motoci da ke tsayawa cin abinci suka daina biyowa ta ƙofarsa.

Layin giya ya fara sokewa. Ya ce dama Herminia ba ta taɓa son sayar da ita ba. Ya mayar da lasisi, ya kwashe kwalabe, ya ɗauki biro ya ja layi a kan katin Baba. Bayan shekara biyu ya sayar da motar, don masu biki sun koma wurin wasu samari masu abinci a tirela. Masu kai abinci tebur su biyu suka samu aiki a babban kanti, bai maye gurbinsu ba. Aka bar shi daga shi sai Chela, shi yana gashi yana kai faranti, ita tana tortiya da wake da shinkafa.

A Maris ɗin 2017 kamfani ya ƙara kuɗin layin gobara, saboda mai duba gini ya zo ya ga murhun bai yi masa ba. Na karanta masa jimillar, dala dubu shida da ɗari huɗu. Wannan karon bai dafe ƙirji ba. Ya daɗe yana kallon katin.

"Na ma'aikata nawa ne a ciki?"

"Dubu ɗaya da ɗari tara."

"Doka ta ce dole?"

"A jihar nan ba ta ce dole ba. Amma ni na ce. In ka soke shi, wani abu ya sami ma'aikaci, daga aljihunka ne. Kuma ana iya kai ka kotu."

"Wane ma'aikaci? Chela ce fa."

Chela ta leƙo, hannunta duk ƙullu. "Ni za a soke?"

"Shekara talatin da biyu, ko yatsa kin taɓa yankewa?"

"Ni ba ni da garaje irin naka. Soke, tsoho, ka saya wa kanka wando da kuɗin. Wannan da kake sawa tun zamanin Herminia ne."

Muka yi dariya mu uku. Na sake faɗa masa sau biyu, na rubuta a takarda cewa na gargaɗe shi, ya sa hannu a ƙasa. Aikina na yi yadda ya kamata, kuma takardar tana nan a ofis har yau. Amma na san da Baba ne da bai tashi daga teburin ba sai ya juyo da shi. Ni ina da wani alƙawari ƙarfe biyu, sai na tattara takarduna na tafi.

A watan Oktoba, ranar Lahadi da safe, Chela ta sauke tukunyar farfesu daga wuta za ta kai ta kan kanta. Tabarmar roba da ke ƙasa ta naɗe a gefe, ƙafarta ta shiga. Ta faɗi a kan ƙugunta, romon ya kwarare mata a hannun dama da cinya. Don Evaristo yana waje yana ɗebo itace, ƙarar tukunyar ya ji. Shi ya yaye mata rigar da ta manne, ya riƙa zuba mata ruwan sanyi har motar asibiti ta iso. Ya gaya min daga baya cewa duk tsawon lokacin ba ta yi kuka ba, sai cewa take, "Kashe wutar waken, zai kama."

Aka kai ta babban asibiti a Corpus Christi. Ƙashin ƙugu ya karye, ƙunar kuma sai da aka yi mata dashen fata. Ya rufe shago, kullum yana tuƙa tsohuwar motarsa awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. Abin da ke asusunsa ya kwashe ya kai, bai kai ko kusa da abin da asibiti ke nema ba. Chela shekararta sittin da biyu, ba ta kai shekarun da gwamnati ke ɗaukar jinyar tsofaffi ba, kuma ba ta da wata inshorar lafiya.

Tana da ɗa ɗaya, Gilberto, wanda ake kira Beto, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a San Antonio. A mako na uku Don Evaristo ya iso da kwanon miya, ya tarar da shi tsaye a ƙofar ɗakin.

"Don Evaristo, daga yau kar ka ƙara zuwa."

"Beto, ni ne fa. A kicin ɗina ka koyi tafiya."

"Na sani. Lauya ya ce kar ku ƙara magana da ita sai an gama. Shekara talatin tana tsaye a kan ƙafarta tana maka aiki, ka rasa abin da za ka rage sai ita?"

Don Evaristo ya miƙa masa kwanon, Gilberto bai karɓa ba, sai ya ajiye shi a kan kujerar da ke baranda ya juya.

Washegari ya zo ofishina. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya taɓa tako shi. Ya sa farar riga, ya riƙe hularsa a hannu, ya zauna a bakin kujera.

"'Yata, duba min da kyau. Layin baƙon nan, ba zai rufe ta ba? Ai a cikin gidan ta faɗi."

"Ba zai rufe ba. An rubuta ban da ma'aikaci."

"In na ce ranar ba aiki take ba, ta zo cin abinci ne?"

"Ba za ka faɗa ba, ni ma ba zan rubuta ba."

Ya gyaɗa kai. "Haka ne. Tambaya ce kawai." Ya ɗan zauna yana juya hular, sannan ya ce, "Ofishin ubanki bai canza ba," alhali bai taɓa ganinsa ba. Ya tashi ya fita.

Ya sake buɗe shago bayan wata biyu, shi kaɗai. Ya ɗora tebur shida a kan shida ya tura su jikin bango. Tortiya ta gagare shi, sai ya koma sayen ta kanti a leda, mutane kuma suka gane tun lomar farko. Ƙaramin gari ne, kowa ya ji labari, kuma Chela tana da mutane. Matan cocin da suka shekara talatin suna zuwa ranar Lahadi suka koma wani wuri. Ba wanda ya zage shi, gaisuwa ma ana yi masa, sai dai daga nesa. In na wuce da rana nakan hango shi ta taga a tsaye bakin kanta yana cin abinci a cikin tukunya, rediyo na ta magana.

Araceli ta matsa masa ya rufe ya koma wurinta. Ya je Kirsimetin shekarar, ya yi kwana huɗu. Ya ce min gidan yana da kyau, har an ware masa ɗaki mai talabijin. Jikokin suna gaishe shi da ladabi, sai dai ba sa jin yarensa sosai, shi kuma Turancinsa na kai faranti ne. Da safe kowa ya fice, ya rage shi da kare. A rana ta huɗu ya ce mata ya bar nama a firji, ya hau mota ya dawo.

Ƙarar da aka shigar a kansa saboda raunin Chela ta ɗauki kusan shekara biyu, ba a kai ga zama gaban alƙali ba. Lauyoyi suka sasanta. Domin ya biya abin da aka yanke, ya sayar da gidan da suka zauna da Herminia, mai itacen lemo a tsakar gida. Ramiro ya bugo waya ya yi ta faɗa cewa gadonsu ne, daga nan ya yi wata shida bai ƙara kira ba. Don Evaristo ya kwashe buhunan wake daga sito, ya sa gado da kujera ɗaya a ciki, ya koma kwana a bayan shago.

Da na je a Maris na ga gadon ta ƙofar da ya bari a buɗe.

"Don Evaristo, a nan kake kwana?"

"Gadi nake yi. Ya kamata ku rage min kuɗi, kun samu maigadi kyauta."

"Dole in sanar da kamfani. In gobara ta tashi suka gano kana zaune a ciki ba a faɗa ba, za su iya hana ka ko sisi."

"Sanar da su. Ki ce musu ba na munshari."

Aka ƙara masa dala ɗari uku. Ya biya. Ranar da na ga gadon ce ya ba ni labarin zuwansa San Antonio, inda Chela ta koma zama a gidan ɗanta, ina cin abinci yana zaune a gabana, abin da bai saba yi ba.

Ya ce da aka gama sa hannu a takardun sulhu, ya bari mako biyu suka wuce, sannan ya tashi da sassafe ya kwaɓa ƙullu, ya yi tortiya goma sha biyu da hannunsa, ya naɗe a tawul. Ya zaɓi ranar aiki don kar ya tarar da Gilberto. Chela ce ta buɗe ƙofa, tana dafe da keken ƙarfen da masu karaya ke turawa. Ta rame, hannun damanta a cikin doguwar safa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Har yanzu wandon nan ne?"

"Shi ne."

"Shigo, kana shigo min da ƙuda."

Suka zauna a kicin. Ya kwance tawul ɗin ya tura mata. Ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa a kan tebur.

"Wannan tafin takalmin wa ka yanko?"

"Koyo nake."

"Ruwanka ya yi sanyi. Da ɗumi ake kwaɓawa, ka rufe ka bar shi ya huta. Shekara talatin kana tsaye kusa da ni, ina idonka yake?"

Ta sa ya ɗauko gari a kabad, ta zauna tana ba shi umarni, yana kwaɓawa. In ya yi kuskure ta buge masa hannu da cokali. Da suka gasa ta farko ta kumbura, ta ce ba laifi, kare zai ci. Can ta ce, "Evaristo, kar ka ɗora wa Beto. Ni na sa hannu a takardar ƙarar. Ba wanda ya riƙe min hannu."

"Na sani."

"Asibiti suna ta aiko da takardu. Yaron zai rasa gidansa."

"Da ni ne ma da na sa."

"An ce ka sayar da gidan Herminia."

"Ya yi min girma."

Ta ce lemon gidan dama tsami gare shi. Suka ci tortiya da gishiri, ta tambaye shi wane ne ya mutu a gari, wane ne ya yi aure. Wajen ƙarfe huɗu ta dubi agogo ta ce Beto ya kusa tasowa. Ya wanke kwanon da ya ɓata, ya ɗauki hularsa. Ba ta ce ya dawo ba, shi ma bai tambaya ba.

Da ya gama ba ni labarin ya ce, "In mutum zai ɗauki ma'aikaci ɗaya, na zaune kawai, mai karɓar kuɗi, nawa layin zai kama yanzu?"

Na buga masa lissafi na faɗa masa. Ya ce to, ba bana ba.

Ya ƙara zuwa San Antonio sau uku a shekarun da suka biyo, duk a ranar aiki. Shagon ya rage kwanakinsa zuwa Juma'a da Asabar da Lahadi. Tortiyarsa ta gyaru har wasu daga cikin matan coci suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, suna saye a ƙunshi su tafi da ita gida.

Bara a watan Yuni Gilberto ya bugo waya ofishina. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu, zuciya ce, za a binne ta ranar Alhamis a San Antonio. Ya ce ba shi da lambar tsohon, in na ga dama in gaya masa. Lambar tana rubuce a jikin allon shagon tun kafin a haife ni, amma na ce masa to.

Na sami Don Evaristo a bayan kicin yana fasa itace. Na faɗa masa. Ya jingine gatarin a bango, ya goge hannunsa a wando, ya tambaye ni ƙarfe nawa ne. Na ce goma na safe, kuma ni zan kai shi, don idonsa ya fara ba shi wahala a babban titi.

A coci muka zauna a bencin ƙarshe. A maƙabarta ya tsaya nesa da dangi, ƙarƙashin wata bishiya. Da aka gama, Gilberto ya ratso mutane ya zo ya ba shi hannu, ya ce an gode da zuwa, akwai abinci a gida. Don Evaristo ya ce Allah ya jiƙanta, ya ba da haƙuri, amma hanya da nisa.

A mota ya ce in rage sanyin na'ura. Da muka shigo gari, tun kafin mu kai shagon da kusan rabin mil, ya ce in tsaya.

"Ƙafata ta yi tsami, 'yata. Zan ƙarasa a ƙasa."

"Rana fa ta yi zafi, Don Evaristo."

"Na san ta."

Ya sauka, ya rufe ƙofar a hankali. Baƙar kwat ɗin da ya sa ta yi masa yawa a kafaɗa. Na tsaya a gefen titi ina kallonsa har ya wuce gidan mai, sannan na juya na koma ofis.